Komai nisan jifa: abin da ma'aunin gudun harsashi ya ce game da harbin murna

Yau maganar bindiga zan yi, amma kowa ya kwantar da hankalinsa, ta fuskar lissafi da awo zan ɗauko ta. Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin mutanenmu, manya da yara, cewa harsashin da aka harba sama ba ya da wata illa. Wasu su ce narkewa yake don zafin gudu, wasu su ce iska ke kwashe shi ta kai daji, wasu kuma su ce yana dawowa amma kamar ƴar tsakuwa, ko kaza ba zai kashe ba. Da wannan tunanin ne ake ɗaga bakin bindiga sama ranar biki ko ranar wata murna, a saki wuta, mata su rangaɗa guɗa, kowa ya watse yana ganin an yi abin burgewa. To wannan magana an auna ta da na'ura tun kafin a haifi kakanninmu, kuma abin da awon ya nuna ya kamata kowane mai gida ya san shi.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiya ne a kan hatsi, a kan rago a kasuwar Balleyara ranar Lahadi, har a kan nisan gona. Amma a kan harsashi ido bai san komai ba, domin ba ya ma ganin shi. Harsashin Kalashnikov, wanda nauyinsa bai wuce giram 8 ba, yana fita daga bakin bindiga da gudun kusan mita 715 a sakan guda. In aka juya shi zuwa lissafin mota, ya haura kilomita 2,500 a awa. Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne. Da a ce harsashin zai riƙe gudunsa na farko bai rage ba, cikin minti 4 da ƴan sakanni ya isa. Ita kuwa ƙara, gudunta cikin iska wajen mita 340 ne a sakan, in zafi ya yi tsanani irin na watan Afrilu ta kai 355. Ke nan harsashin ya ninka ƙararsa gudu, yana riga ta isa inda za shi. Bindigar farauta ta kartushi, wadda ake kira kalibar 12, nata gudun ya kusa mita 400 a sakan.

Waɗannan alƙalumma ba daga ka aka faɗe su ba. Na'urar da ke bayar da su sunanta kronogaraf, da Hausa sai mu ce ma'aunin gudun harsashi. Wanda ya zauna ajin fizik a lakwal zai tuna abin da mushe ke rubutawa a allo: gudu shi ne nisa a raba da lokaci. Iyakar sirrin na'urar ke nan. Nau'in da ya fi yawa wani ɗan akwati ne dogo mai idanu biyu masu kallon sama, tsakaninsu tazara sananniya, galibi wajen santimita 30. Harsashi ya gitta ta kan ido na farko, inuwarsa ta tada agogo. Ya gitta ta kan na biyu, agogon ya tsaya. Ga harsashi mai gudun mita 715, wannan ƴar tafiya ba ta kai rabin kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba, amma agogon ciki yana iya ƙirga ta, ya raba, ya rubuta amsa a fuskar na'urar.

Kafin a kai ga wannan, sai da aka sha wuya. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Benjamin Robins shi ne ya fara samun awo mai inganci, ya wallafa shi a littafinsa na 1742. Dabararsa ko a ƙarƙashin gawo ana iya fahimtar ta. A ce ka rataye buhun gero da igiya a reshe, ka jefe shi da dutse: gwargwadon ƙarfin jifar, gwargwadon lilon da buhun zai yi. Shi Robins katako mai nauyi ya rataye a jikin ƙarfe, ya harbe shi, ya auna iya inda ya yi lilo. Da yake ya san nauyin katakon da nauyin dalmar, sai lissafi ya ba shi gudun. A nan ne ya gano cewa iska tana cin gudun harsashi fiye da yadda masana zamaninsa suke zato nesa ba kusa ba. Daga baya, a shekarun 1860, wani hafsan sojan Beljiyam, Paul-Émile Le Boulengé, ya kawo ta lantarki: harsashi ya tsinke waya ta farko, sandar ƙarfe ta saki ta fara faɗuwa, ya tsinke ta biyu, wata ƴar wuƙa ta yi wa sandar shaida. Daga inda shaidar ta faɗa ake gane lokacin da ya wuce. Rundunonin ƙasashe da dama sun yi shekaru suna aiki da ita.

Yau iri uku ne suka fi shahara a hannun masu harbin gasa da mafarautan ƙasashen waje. Na farko mai idanun nan da na faɗa, shi ya fi araha. Ana kafa shi wajen mita 3 gaban bindiga don kar hucin wuta ya ruɗa shi, kuma dole ya miƙe sak da hanyar harsashi, domin in ya karkace tazarar da harsashi zai bi ta ƙaru, amsar ta fito ƙasa da gaskiya. Matsalarsa haske: rana mai ƙarfi, rana ta yamma da ta kwanta, ƙura, duk suna sa ya yi ƙarya ko ya ƙi magana. Ga shi kuma yana tsaye a gaban bindiga, shi ya sa ba a ƙirga masu shi da suka harbe nasu da hannunsu. Na biyu, irin na kamfanin MagnetoSpeed, a jikin bakin bindiga ake ɗaure shi, yana jin wucewar ƙarfe ta hanyar maganaɗisu, ba ruwansa da rana. Na uku shi ne mai rada, irin LabRadar ko Garmin Xero C1 Pro wanda ya fito a 2023, ɗan ƙarami da bai fi tafin hannu ba. Gefen mai harbi ake ajiye shi, ya aika igiyar rediyo ta bi harsashi ta dawo. Ka'idarsa ita ce wadda Christian Doppler ɗan Ostiriya ya bayyana a 1842, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gudron ya ji ta da kunnensa: odar mota tana da kaifi in tana tahowa, tana wuce ka sai muryar ta yi kauri. Daga wannan sauyin ake lissafa gudu, kamar yadda radar ƴan sanda ke kama direba mai ganganci.

Da za a tambaye ni wanne ya dace da ƙasarmu, mai rada zan ce, saboda ranarmu da ƙurar hunturu ba za su bar mai idanu ya yi aiki da daɗi ba, balle in bindigar toka ce, wadda hayaƙinta da tsumman ɗurinta ke fita tare da dalma su rufe masa ido. Sai dai kuɗinsa ya kai dalar Amurka 600, sama da jika 300 ke nan na sefa, kuɗin sa guda mai kyau. Kuma kar wani ya tashi ya ce mai rediyo ya ce a yi odar na'urar bindiga. Muna cikin jihar da wasu sassanta ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, riƙe bindiga sai da izinin hukuma, farauta ma tana da dokarta, mai lamba 98-07 ta 29 ga Afrilu 1998. Irin wannan kayan aiki wurinsa hannun masu horar da jami'an tsaro da ma'aikatan gandun daji. Mu abin da ya shafe mu shi ne sakamakon awon, wanda kyauta ne, an riga an yi mana shi.

Yadda masu ita ke aiki da ita ma akwai darasi ciki. Ba sa yarda da harbi ɗaya. Sai su yi goma, su rubuta kowanne a kaye tare da kwanan wata da zafin ranar, su fitar da matsakaici, sannan su duba ratar da ke tsakanin mafi gudu da mafi sanyi. In ratar ta yi faɗi, sun san ɗurin bai daidaita ba. Ta nan ne aka tabbatar da cewa kartushi biyu daga kwali ɗaya ba su cika yin gudu ɗaya ba, kuma kartushin da ya kwana cikin mota a rana ya yi zafi yakan fita da matsi da gudu fiye da wanda ke inuwa. In kayan masana'anta da inji ya auna suna saɓawa haka, sai mu tambayi kanmu halin bindigar da ake ɗura wa albarushi da tafin hannu.

Yanzu mu koma kan harbin sama. Wani janar na sojan Amurka, Julian Hatcher, ya tattara gwaje-gwajen da sojojinsu suka yi wajen 1920, ya sa su cikin littafinsa na 1947. An harba harsasan bindigar yaƙi tsaye sak zuwa sama. Lissafin ya nuna harsashin yana hawa kusan mita 2,700 cikin sakan 18, ya tsaya, ya juyo, ya yi wajen sakan 31 yana saukowa, ya iso ƙasa da gudun kusan mita 90 a sakan. Bai narke ba, bai ɓace ba. Gaskiya ne gudun ya ragu sosai, domin iska na riƙe shi, kuma nan ne masu cewa "kamar tsakuwa" suka samu abin kamawa. Amma mita 90 a sakan ya haura kilomita 320 a awa, alhali binciken likitoci ya nuna harsashi na iya huda fatar mutum tun daga gudun mita 45 zuwa 60. Ga shi ta sama yake zuwa, abin da zai fara samu shi ne ƙoƙon kai ko kafaɗa.

Wani abin lura cikin gwajin nan: daga harsasai 500 da aka harba, 4 kacal suka faɗo kan dandamalin da masu gwajin suke. Saura duk iska ta kai su wani wuri. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai harbin murna yake rantsuwa da gaskiyarsa cewa shi bai taɓa ganin harsashi ya dawo ba. Ai ba kansa yake dawowa ba, kan wani yake sauka, can wata unguwa, kusan minti guda bayan an gama jin ƙarar, lokacin da makaɗa sun ci gaba da kiɗinsu. Kuma wannan fa in an harba tsaye sak ke nan. Mai murna ba ya auna tsayuwa, hannu ɗaya yake ɗagawa, bakin bindigar a karkace. Harsashin da ya fita a karkace ba ya tsayawa a sama balle ya rasa gudunsa duka, baka yake yi ya sauko da tsininsa gaba, da gudun da ya fi na mai faɗowa tsaye, kuma na Kalashnikov yana iya cin fiye da kilomita 2 kafin ya taɓa ƙasa. Ku auna kilomita 2 daga tsakiyar kowane gari namu ku ga gida nawa, rijiya nawa, makarantar allo nawa ke ciki.

Likitoci ma sun yi nasu ƙirgen. A wata asibiti ta birnin Los Anjales a Amurka, tsakanin 1985 da 1992, an karɓi mutum 118 da harsashin sama ya faɗo wa. Mutum 38 suka mutu, kusan ɗaya cikin uku, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari a ka aka same su. A tsibirin Puwato Riko, cikin kwana biyu na murnar shiga shekarar 2004, mutum 19 suka ji rauni, ɗaya ya rasu. Waɗannan wurare ne masu gidajen kankare da motar ɗaukar marasa lafiya da likitan ƙwaƙwalwa a kusa. Mu nan, daga Maris zuwa faɗuwar ruwa, gari duka a tsakar gida yake kwana, yara jere kan tabarma. Wanda ke ɗaki ma, ko bukka ce ko rufin kwano, kuma kwanon da muke saye siriri ne. In abu ya faru da dare, a nemi amalanke ko mota zuwa likita, daga can a ce sai Yamai.

Na taɓa kawo wannan magana a shirinmu na yamma, layin salula ya cika. Wani dattijo ya kira, daga jin muryarsa ka san ya ga jiya, ya ce mini: "Ɗana, mi kake hwaɗi haka? Mu tun muna yara ake harbi ranar salla, ba mu taɓa jin ya kashe kowa ba." Na ce masa: "Baba, gaskiyarku, amma don Allah mi ake ɗura wa bindigar a wancan lokaci?" Ya yi ɗan shiru, ya ce: "Albarushi da tsumma." Na ce to ai shi ke nan, Baba, kun ba da amsar da kanku. Harbin da iyayenmu suka sani na bindigar toka ne wadda ba dalma cikinta, ƙara ce da hayaƙi, irin wanda ƴan bindigar sarki ke yi har gobe a hawan salla na Kano da Katsina. Abin da ya sauya shi ne bindigar. Al'adar ta tsaya inda take, amma abin da ke hannun mai harbin yanzu harsashi ne mai rai, kuma in ya danna kunamar ya riƙe, goma ko ashirin ne ke tashi, kowanne da inda zai sauka.

Bayan shirin da kwana biyu, wata baiwar Allah ta zo gidan rediyo da abu ƙulle a bakin zanenta. Ta kwance, sai ga harsashi, jan ƙarfe, tsininsa ya ɗan lanƙwashe. Ta ce da safe ta gan shi cikin kwanon tuwon da ta rufe ta ajiye bakin rumfa, ya huda murfin ya zauna cikin sauran tuwo. Daren jiya an yi biki can wani gefen gari, ta ji harbi kamar kowa, ta juya ta ci gaba da barcinta. Tsakanin kwanon da inda ɗiyanta biyu suka kwana bai fi taku uku ba. Na ce: "Inna, kin kai wa mai gari?" Ta ce: "In ce wa ya yi? Ban ga kowa ba." Ta bar mini harsashin, yana nan cikin durowar tebur ɗina. Wannan ita ce wahalar abin: ba a ganin mai harbin, shi ma bai san abin da ya aikata ba, watakila har yau yana cikin masu cewa narkewa yake.

Su ma mafarautanmu na gargajiya awon nan yana da saƙo gare su, kuma da girmamawa nake faɗa, domin kawuna maharbi ne, a gidansa na fara ganin yadda ake ɗura bindiga. Akwai imanin cewa in ka ƙara albarushi ka ƙara ƙarfi daidai gwargwado. Masu ma'auni sun gwada sun ga ba haka abin yake tafiya ba. Akwai inda in an kai, ƙarin garin ba ya ƙara gudun kirki, sai dai hayaƙi da dukan kafaɗa, alhali matsin da ke cikin bututun yana ta hawa. Bututun kuwa maƙeri ne ya yi shi da ƙarfen da ya samu, ba wanda ya gwada iyakar abin da zai ɗauka, ga tsatsa na cin shi ta ciki shekara da shekaru. Shi ya sa kusan kowace karkara tana da maharbinta mai yatsu uku ko ido ɗaya.

Abu uku ne suka fi fasa bindigar toka, kuma duk ana iya kauce musu. Na farko, kuma mafi muni, a fasa kartushin zamani a juye garinsa cikinta. Garin nan ba albarushi ba ne ko da ya yi kama da shi a ido, matsinsa ya fi ƙarfin bututun maƙera, an yi shi ne don ƙarfen masana'anta. Na biyu, a bar sarari tsakanin gari da dalma saboda ba a danna ɗurin ya zauna ba. Na uku, bakin bindiga ya toshe da laka ko yashi, ko a manta an ɗura a sake ɗurawa a kai. Tsofaffin maharba sun san na biyu da na uku sarai, suna ma yi wa sandar ɗuri shaida don su gane ko akwai abu ciki. Na farkon ne sabo, kuma samari ne suka fi faɗa masa, don suna ganin dabara ce.

Akwai wata ƙa'ida ta lissafi da ke bayan duk wannan, wadda direbobi ma ya kamata su riƙe. Ƙarfin dukan abu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunsa. In gudu ya ninka biyu, ƙarfin dukan sau huɗu yake ninkawa. In ya ninka uku, sau tara. Shi ya sa ɗan ƙarfen da bai kai nauyin goro ba yake yin ɓarnar da dutse mai cika hannu ba zai yi ba, kuma shi ya sa motar da ke gudun 120 ba daidai take da mai gudun 60 sau biyu ba in ta samu jaki a hanya. Ga kuma wata ƴar dabara ta kyauta daga gudun ƙara: in ka ga walƙiya, ka ƙirga sakanni har ka ji tsawa, kowane sakan 3 kusan kilomita guda ne. Manomi da makiyayi a fili da damina suna iya sanin ko hadari na matsowa ko yana nisa da wannan ƙirgen.

Na san akwai mai cewa, da duk abin da ke damun jihar Tillaberi, harbin biki ne abin magana? Na fahimce shi. Amma ni a ganina halin da muke ciki shi ne ma ya ƙara wa maganar nauyi. A garin da mutane ke kwana da kunne ɗaya a buɗe, harbin dare ba murna yake kawowa ba. Tsohuwa mai hawan jini ta zabura, mai ciki ta ruga cikin duhu, yara su tarwatse, jami'an tsaro su tashi ba su san ko biki ne ko hari ba, kuma cikin irin wannan ruɗani ne ake samun kuskuren da ba ya gyaruwa. Sauran matsalolin sun fi ƙarfin mai gari da limami. Wannan kuwa tana cikin ƴan kaɗan da gari zai iya kashewa da bakinsa, ba sai an jira kowa daga Yamai ba.

Don haka ga roƙona. Uban ango da uban amarya, ku faɗa tun ranar da aka sa rana cewa ba a harbi a bikinku, ko wane ne zai zo, ko da kaki ko ba kaki. Baƙo ba ya ƙetare maganar mai gida in an faɗa masa da wuri. Masu gari da sarakunanmu, Hausawa da Zabarmawa da Buzaye da Fulani, ku sa ta cikin abin da ake shela. Malamai, minti biyu cikin huɗuba sun isa, domin kun fi mu sanin hukuncin wanda ya yi sanadin rai ko da bai yi niyya ba. Shugabannin jami'an tsaro, ku ja kunnen yaranku, ku kuka fi kowa sanin alƙalumman da na kawo. Sarakunan maharba, ku tara samarinku kan maganar garin kartushi. Wanda kuma ke da bindiga ba bisa ƙa'ida ba, ƙasa tana da hukumar karɓar irin waɗannan makamai, CNCCAI, tun 1994. A nemi hanyar miƙa ta ta hannun mai gari.

Ga na gida kuma: in kun ji harbin murna, ku tattara yara ku shiga ɗakin da ya fi kaurin rufi, na soro ya fi na kwano, kuma kar ku fito da an yi shiru, ku ba shi minti biyu, tunda mun ga harsashi na iya yin kusan minti guda a sama. In an ga mutum ya faɗi ko yaro ya fasa kuka da jini a ka ba a san dalili ba, kar a tsaya neman ko jifa ce ko iska, a danne wurin da tsumma mai tsabta a nufi likita, kuma kar a yi ƙoƙarin ciro komai da hannu. In kun tsinci harsashi a gida, ku kai wa mai gari ko jandarma ko da ba ku san mai shi ba, domin sai an tara irinsu ne masu iko za su yarda abin yana faruwa.

Kakanninmu da suka ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo ba su da kronogaraf, amma ga shi na'ura ta zo ta ba su gaskiya har da adadin sakanni. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman iyayenmu mata da samarin da ke shirin aure bayan kaka. Allah ya tsare mu da zuri'armu, ya ba ƙasarmu lafiya, ya sa bukukuwanmu su ƙare da dariya. Amin.